Albasar fure ko mai ɗorewa: wanne ya dace da tsakar gida a Legas?

Watan da ƙanwata ta tare a sabon gidansu na Ajah, ta turo mini hoton wani fili shimfiɗe da furen tulif, ja da rawaya da fari, a jere kamar an ja musu igiya. A ƙasan hoton ta rubuta: "Yaya, irin wannan nake so a bakin ƙofata. Ina ake samun irinsa?" Na jima ina kallon hoton kafin in kira ta, don ba na son in kashe mata gwiwa, ba na kuma son kuɗinta ya tafi a banza. Maganar da muka yi a waya ba ta wuce minti biyar ba, kuma na san ba ta ishe ta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta ta da tsawo, ko Allah ya sa ta amfani wani daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko masu ɗan fili a tsakar gida ko baranda. Ni a Agege nake, kuma na daɗe ina shuka a tukwane da gindin katanga.

In aka ajiye furannin da ke mutuwa bayan damina ɗaya, abin da ya rage gida biyu ne. Na farko su ne masu ɓoye abincinsu a ƙarƙashin ƙasa, cikin wani kai mai kama da albasa, ko gwaza, ko citta. Masana tsirrai suna ba kowane irin kai sunansa, amma ni duka albasar fure nake ce musu, don halinsu ɗaya ne: su yi ganye, su yi fure, su tara abinci, wasunsu su kwanta barci har ka ɗauka sun mutu, sannan su farka. Na biyu su ne masu ɗorewa, waɗanda reshensu da ganyensu ke nan a tsaye rani da damina. Ita ma albasar tana yin shekaru, ba a nan bambancin yake ba. Ɗaya baƙuwa ce mai zuwa ta koma, ɗaya kuwa 'yar gida ce da kullum za ka tarar.

Tulif dai a cire shi daga lissafi, shi da 'yan'uwansa dafodil da hayasin. Asalinsa daga duwatsun tsakiyar Asiya yake, ya bi ta Turkiyya ya isa Holan, kuma albasarsa ba ta fitar da fure sai ta kwana cikin sanyin da bai haura digiri 9 ba na tsawon mako 12 zuwa 16. A Legas ko tsakiyar hunturu da wuya dare ya sauko ƙasa da digiri 20. Ko Jos, da ake kawo mana kabeji da karas da dankalin Turawa daga can, ba ta da irin wannan dogon sanyin. Akwai masu cewa a sa albasar a firiji. Ana iya yi, amma sai an sami wuta wata uku ba yankewa, kuma kada a haɗa ta da tuffa ko ayaba, domin iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa lokacin nuna tana kashe ɗan furen da ke kwance a cikinta. In an tsallake duk wannan, furen zai buɗe cikin zafinmu, ya yi 'yan kwanaki ya zube, baɗi kuma ba zai dawo ba. Ga shi shigo da irin shuka daga waje sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa.

Abin da ya kamata mai shuka a garin nan ya sa a gaba shi ne ruwa, kuma a nan ne mu 'yan Arewa muke yawan yin kuskure. Mun taso inda ƙishirwa ce ke kashe shuka, hannunmu ya saba da ban ruwa safe da yamma. Legas kuwa tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Yana farawa wajen Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Iskar kanta jiƙe take. A nan ruɓa ta fi bushewa kashe fure, kuma duk wanda ya taɓa ganin buhun albasar da ruwa ya taɓa a kasuwar Mile 12 ya san abin da laima ke yi wa albasa.

Ƙasar ma ba ɗaya ba ce. Mu a Agege da Ikeja tudu ne, jar ƙasa ce mai riƙe ruwa, in ta bushe ta yi tauri kamar bulo. Su ƙanwata a Ajah da Lekki yashi ne, wurare da yawa ma ciko aka yi, ka haƙa kaɗan ka tarar da ruwa, wani wajen har da ɗanɗanon gishiri. Kafin a tambayi wane fure ya fi kyau, a bari a yi ruwa mai ƙarfi, a fita tsakar gida bayan ya ɗauke da awa biyu. Inda ruwa ya kwanta da inda ya tsane, su za su gaya maka abin da za ka saya.

To, wace albasa ce ke yi a nan? Ta gaba a wurina ita ce albasar kwaɗi, wadda masu sayar da fure ke kira kirinom. 'Yar ƙasa ce, tana fitowa da kanta a fadamu da bakin rafi, Kudu da Arewa, kuma da yawanmu mun taso muna ganinta a daji ba mu ɗauke ta abin ado ba. Ganyenta dogo ne mai faɗi, furenta fari ne babba, wani irin da jan layi a tsakiya, wani da ƙamshi da yamma. Tun da gidanta bakin ruwa ne, laimar Yuni ba ta dame ta ba. Kusa da ita akwai haimanokalis, farin furen nan mai siraran ƙafafu kamar gizo-gizo da za ka gani jere a gaban ofisoshi. Asalinta gaɓar teku ce a yankin Amurka mai zafi, shi ya sa yashi da iska mai gishiri ba sa yi mata komai. Waɗannan biyun ba sa ma barcin kirki a Legas, ganyensu kore shar yake zama muddin suna samun ruwa. Albasa ce mai halin 'yar gida, kuma da mutum zai ce mini abu ɗaya tak zai shuka a Ajah, ɗaya daga cikinsu zan nuna masa.

Akwai zefirantis, 'yar ƙaramar da nake kira furen bayan ruwa. Ganyenta kamar ciyawa, ba ka ko lura da ita. Amma a yi kwanaki ba ruwa sannan a sheƙa shi, bayan kwana uku ko huɗu ka fito da safe ka tarar gefen hanyar shiga ɗaki ya cika da fure ruwan hoda ko fari. Kwana biyu ya wuce, sai kuma wani ruwan. Tana hayayyafa har ka rasa wanda za ka ba.

Wadda za ta share wa mai son tulif hawaye kuwa ita ce amarilis. Daga Kudancin Amurka take, ba ta bukatar sanyi, kuma kara ɗaya yakan ɗauko manyan furanni har huɗu masu buɗaɗɗen baki kamar algaita, ja ko ruwan lemo ko fari mai zane. Sai dai ita ce ta fi kowa saurin ruɓewa, don haka tukunya ta fi mata ƙasa. A nemi tukunyar da ta ɗan fi albasar faɗi kaɗan, mai huji a gindi, a dasa ta a bar kashi ɗaya cikin uku na kanta a waje. Idan ruwa ya ɗauke wajen Nuwamba, a daina ba ta ruwa mako 8 zuwa 10, a ajiye ta a inuwa. Da an koma ban ruwa, cikin mako 6 zuwa 8 za a ga fure. Mai lissafi yana iya ƙirgawa baya ya daidaita furen da ranar suna ko biki. Kuskuren da na fi gani shi ne yanke ganye bayan fure ya zube, wai don tukunya ta yi tsaf. Karan furen kaɗai ake yankewa. Ganyen nan shi ke dafa abincin furen baɗi, wanda ya yanke shi ya yanke rabonsa.

Sauran zan ambace su a gurguje. Tubaros farin fure ne ɗan asalin Meziko da ake yin turare da shi, ƙamshinsa bayan magariba sai wanda ya ji, yana son rana sosai. Wadda ake kira kana, mai ganye kamar na ayaba da fure ja ko rawaya, tana son jiƙaƙƙen wuri, ita ake kai wa lungun da ruwan rufi ke zuba. Ƙwallon wuta, jan furen nan mai dunƙulen kai, sau ɗaya yake fitowa a farkon damina kuma ya fi son inuwa. Kaladiyum ɗan'uwan gwaza ne, don ganyensa mai launi ake shuka shi, da rani yakan ɓace gaba ɗaya. Har furen da ke ƙasan tambarin Najeriya, kostus, ɗan wannan gidan ne.

Raunin wannan gida a fili yake. Furen yawancinsu makonni ne a shekara, sauran lokacin ganye ne ko tukunya wayam. Wanda yake son duk ranar da baƙo ya shigo ya ga launi, albasa kaɗai ba za ta fitar da shi kunya ba.

A nan ne masu ɗorewa suka yi musu fintinkau. Iksora, mai curin ƙananan furanni ja ko ruwan lemo, kusan ba ta hutawa a Legas, zafi da danshin nan su ne abincinta. Matsalarta guda ce: ba ta son ƙasar da siminti ya gurɓata. In ka dasa ta a gindin sabuwar katanga, ko a ƙasar da ɓaraguzan gini suka cakuɗa, sai ka ga ganyen ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore. Mutane su yi ta ƙara mata ruwa, alhali ƙasar ce ta hana ta shan sinadarin ƙarfe. A kwashe ɓaraguzan, a zuba baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye.

Hibiskos dangin yakuwa da rama da kuɓewa ne, ka dubi furen kuɓewa ka dubi nasa za ka ga kamar. Furensa kwana ɗaya ko biyu yake yi, amma gobe wani zai buɗe, haka har shekara ta zagayo. Yana son taki da aski a kai a kai, kuma farin ƙwaron nan mai kama da auduga yana son tohonsa. Ruwan sabulu kaɗan ko na jiƙaƙƙen ganyen dogonyaro yana rage shi in an fara da wuri.

Bugenbiliya ita ce sarauniyar rani. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ƙura ta dusashe komai, ita kuwa sai ta lulluɓe katanga da launi. Abin da muke gani mai launin nan ma ganye ne da ya rikiɗe, ainihin furen ɗan fari ne ƙarami a tsakiya. Halinta ya saɓa wa hankalin mai tausayi: yawan ruwa da taki ganye kawai suke sa ta yi, sai ta ji ƙishirwa take fure. Tana jure gishiri, ƙayarta kuma tana taimaka wa katanga wajen tsaro. Amma tana bukatar rana tun safe har la'asar, a gidan da benaye suka kewaye ba za ta yi abin kirki ba.

Biyu daga gida Arewa na fi jin su a rai. Kariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, 'yar busasshiyar ƙasarmu ce, ganinta a baranda yana tuna mini Arewa. A Legas kada a kuskura a sa ta a ƙasa. Tukunya mai yashi da gawayi, a ƙarƙashin rumfar da rana ke shiga amma ruwan Yuni ba ya dukanta, shi ne zamanta lafiya. Sai lalle, wanda Yarabawa ma ke kira laali. Mun san ganyensa, amma kaɗan ne suka kula da ƙamshin ƙananan furanninsa, ga shi yana yin shinge mai kyau a wurin da ruwa ba ya kwanciya. Farin fure ko ruwan hodan nan ɗan Madagaska, wanda daga jikinsa ake samo wani maganin sankarar jini, shi ma yana yi ko'ina yana zubar da iri da kansa, sai dai tsananin damina yakan ruɓar da shi.

Yanzu a ɗora su a sikeli da irin zaman da muke yi a garin nan. Tambayar farko: gidan naka ne ko haya kake? Yawancinmu 'yan haya ne. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta ba mai biyan shekara wa'adin wata shida na tashi daga gida in ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba, kuma wata shida ba ya isa a raba bugenbiliyar da ta yi shekaru da katangarta. Ita ma ba ta son a taɓa saiwarta, in an tumɓuke ta da wuya ta rayu. Albasa kuwa ka tone ta, ka kakkaɓe ƙasa, ka sa a kwali, ta bi ka duk unguwar da ka koma. Ɗan haya ya karkata ga albasa, in kuma yana son masu ɗorewa ya tsare su a manyan tukwane. Mai gidan kansa ya dasa masu ɗorewa a ƙasa tun shekarar farko, don sukan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin su cika ido.

Ta biyu ita ce tafiya. Mu masu zuwa gida Sallah ko biki mu yi mako biyu, uku, wa zai yi ban ruwa? In tafiyar ta faɗo a rani, hibiskos da iksora na tukunya za su sha wuya, wani lokaci ka dawo ka tarar da itace. Amarilis da zefirantis da kariya da bugenbiliya ba ruwansu, wasunsu ma hutun ya yi musu daɗi.

Ta uku ita ce wadda ba na wasa da ita: yara da dabbobi. Albasar amarilis da ta kwaɗi da ta haimanokalis duka suna da guba, kuma kamarsu da albasar miya ta isa ta ruɗi yaro ko mai aikin da ba a gaya wa ba. Kada a taɓa ajiye su a kicin ko kusa da kwandon kayan miya. Giloriyosa, mai hawan nan da furenta ke kama da harshen wuta, kyakkyawa ce ƙwarai kuma tana fitowa a dazukanmu, amma saiwarta tana kisa, ban yarda a shuka ta a gidan da ke da ƙananan yara ba. Masu ɗorewa ma ba duka ne salihai ba: ruwan jikin kariya da na alamanda mai rawayan fure guba ne, oliyanda kuwa, mai dogayen siraran ganye, daga ganye har fure. Iksora da hibiskos su ne masu sauƙi a wannan fannin. Amma fa hibiskos abincin awaki ne, ragon layya in ya kwance dare ɗaya ya ishe shi ya aske shi tas.

Ƙwari kowa da nasa. Akwai wata tsutsa baƙa mai ɗigon fari da ke shiga cikin ganyen amarilis da albasar kwaɗi ta bi har cikin kan albasar, da an gan ta a cire ganyen a kashe ta. Dodon koɗi yana fitowa da dare a damina, ya fi son tohon albasa. Farar nan mai zanen rawaya da kore da baƙi da ke yawa da rani ba ta zaɓe, kowa nata ne. Faifan da ake sa wa ƙarƙashin tukunya kuma a riƙa zubar da ruwansa, kada son fure ya zama kiwon sauro.

Ta fuskar kuɗi, masu ɗorewa sun fi araha a farko. Yawancinsu daga reshe ake samunsu, kuma maƙwabci ba ya hana reshe: ka yanko mai kaurin fensir, ka soka a jiƙaƙƙen yashi a inuwa farkon damina, cikin 'yan makonni ya yi saiwa. Amarilis da aka shigo da ita daga waje tana da tsada, kuma sau da yawa wadda ta daɗe a gidajen mutanen garin nan, ja ko ruwan lemo, ta fi ta ƙarko. Sai dai albasa jari ce, kowace shekara tana 'ya'ya, bayan shekara biyu ko uku ka raba ka cika wasu tukwanen. Hidima kuma ta fi yawa a wajen masu ɗorewa, don aski da shara ba sa ƙarewa.

In za a saya a wurin masu fure na bakin titi, a je da safe a duba da kyau. Albasa a matsa ta a hannu, ta kasance da tauri da nauyi, ba laushi a gindi, ba wari. Mai ɗorewa kuma a ɗaga ledar a leƙa ƙasanta. In saiwa ta fito, ya kama. In reshe ne aka soka kwanan nan da furensa don ya ja ido, da ka ɗan ja shi za ka ji yana motsi. A tambayi mai sayarwa ko na rana ne ko na inuwa, a kuma lura da inda shi kansa ya ajiye shi. Ƙasar tukunya ni kashi uku nake haɗawa daidai wa daida: baƙar ƙasa, yashi mai tsakuwa, da taki, in ƙara dakakken gawayi. Mu na Agege kashin shanu ba ya yi mana wuya saboda mayankar Oko-Oba, amma ɗanye yana ƙona saiwa ya ruɓar da albasa, sai ya kwana biyu ya bushe ya daina wari.

Abin da na tsara wa ƙanwata, tun da gidan nasu ne kuma yashi ne mai ruwa kusa, shi ne ta ɗaga wurin shukar da bulo layi biyu, ta cika shi da ƙasa mai kyau. Kashi uku cikin huɗu na wurin masu ɗorewa ne: bugenbiliya a katangar da ke fuskantar rana, iksora a gaba amma nesa da siminti, hibiskos guda biyu a inda famfo yake kusa. Haimanokalis ta bi gefen da ruwa ke taruwa, zefirantis ta bi bakin hanyar shiga. A bakin ƙofar kuwa, inda ta so tulif, tukwane uku na amarilis, a ɗauke su zuwa ƙarƙashin baranda idan Yuni ya kama. Yaranta ƙanana ne, don haka na ce tukwanen su hau kan dakali, giloriyosa da oliyanda kuma kada su shigo gidan. Na tone mata 'ya'yan amarilis shida daga tawa, na naɗe su a takarda, na rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa ba ta miya ba ce, zan kai mata ranar Asabar.